Harsuna a Majami'a, Kunnuwa a Bayan Katanga

Wani daren Juma'a kwana ya kama ni a Gummi, na sauka gidan mahaifin wani abokina. Bayan sallar isha'i aka shimfiɗa mana tabarma a tsakar gida saboda zafi. Can ƙetaren katanga akwai wata 'yar majami'a mai rufin kwano, wadda da rana ba ka ma lura da ita. Wajen ƙarfe goma janareto ya tashi, lasifika ta yi tari, sai waƙa ta fara da Hausa tsantsa, ana buga tulu ana kaɗa caki. Tsohon ya kishingiɗa yana jan carbi, bai ce uffan ba. Da dare ya raba sai waƙar ta yanke, muryoyi suka tashi gaba ɗaya, maza da mata, kowa da nasa sautin, da sauri kamar saukar ruwa a kan kwano. Na kasa kunne ko zan tsinci kalma guda ta Hausa ko Turanci ko Yarabanci, ban samu ba. Tsohon ya tashi zaune ya dube ni ya ce, "Ɗana, kai da ka yi boko, mi mutanen ga suka cewa? Wanga ba bori na ba?"

Na ce, "Baba, addu'a suke yi." Ya ce, "Da wane yare?" A nan na yi shiru.

Da gari ya waye na tarar da wata ma'aikaciyar jinya 'yar ƙasar Zuru da ke haya a unguwar, na yi mata tambayar tsohon. Ta yi dariya ta ce, "Malam, ni ma Kirista ce, amma ban ji abin da suka faɗa ba. Mu a ikilisiyarmu ba ma yin haka." Wani saurayi ɗan bautar ƙasa da ya kwana a wurin addu'ar kuwa, amsarsa gajeriya ce: "Yallaɓai, ba da mutane nake magana ba, da Allah nake." Ni Musulmi ne, ba hurumina ba ne in yanke hukunci a kan abin da ke tsakanin mutum da Ubangijinsa. Amma ni maƙwabci ne, kuma sautin da ya tsallako katanga ya zama maganar unguwa. A matsayin maƙwabci nake wannan sharhi.

Abin da littafinsu ya ce

Kiristoci suna kiran abin magana da harsuna, kuma asalinsa yana wurare biyu a Sabon Alkawari. Na farko shi ne sura ta 2 ta Ayyukan Manzanni. A can an ba da labarin cewa ranar idin Fentikos, almajiran Yesu suna tare a Urushalima sai Ruhu Mai Tsarki ya sauko musu, suka fara magana da waɗansu harsuna. Garin cike yake da baƙi masu ziyara daga Masar da Libiya da Roma da ƙasar Larabawa da sauran wurare, kuma abin da ya ba su mamaki shi ne kowa ya ji ana magana da yaren da aka haife shi a ciki. Waɗansu suka tambayi ma'anar abin, waɗansu suka yi ba'a suka ce mutanen nan sun sha ne sun bugu. Sai Bitrus ya miƙe ya yi wa taron bayani, ya ce ai hantsi bai ma dubi ludayi ba balle a yi zancen maye.

Wuri na biyu shi ne wasiƙar Manzo Bulus ta farko zuwa ga mutanen Korinti, sura ta 12 zuwa ta 14. Abin da ke faruwa a Korinti ya sha bamban da na Urushalima, domin a can mai maganar ba wanda ke fahimtarsa sai an sami mai fassara. Bulus bai hana ba. Ya ma ce shi kansa yana yi fiye da su duka, ya kuma ce kada a hana kowa. Sai dai ya gindaya sharuɗɗa waɗanda ba su da kwana-kwana: a taron jama'a kada masu yi su wuce biyu ko uku, su yi ɗaya bayan ɗaya, kuma a sami mai fassarawa. In babu shi, mutum ya yi shiru a taro, ya yi tsakaninsa da Allah. Ya ce shi ya gwammace kalma biyar da za a gane a kan kalma dubu goma da ba mai ganewa. Ya kawo misalin da duk Bazamfare zai kama nan take, misalin ƙahon yaƙi da aka busa ba a fito da sautinsa ba, wa zai ɗaura ɗamara? Mu da muka tashi a ƙasar su Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru mun san kiɗa yana magana, amma sai ga wanda ya san taken. Har wa yau Bulus ya yi gargaɗi cewa idan baƙo ya shigo ya tarar kowa na magana da harsuna a lokaci guda, zai ce waɗannan sun haukace. A Urushalima an ce maye, a Korinti an ji tsoron a ce hauka, a Gummi tsoho ya ce bori. Kowane kunne yana auna baƙon sauti da mudun da ya sani.

Daga Amurka zuwa Ɗaki Takwas

Ɗaruruwan shekaru manyan ɗarikun Kirista ba su ɗauki harsuna a matsayin wani ɓangare na sujadar yau da kullum ba, kuma har gobe akwai malamansu da ke cewa baiwar ta ƙare da zamanin manzanni. Yadda ake yin ta a yau ya faro ne a farkon watan Janairun 1901, a wata makarantar koyon Littafi Mai Tsarki ta Charles Parham a garin Topeka na Amurka, inda wata ɗaliba mai suna Agnes Ozman ta fara. A 1906 abin ya bunƙasa a titin Azusa na birnin Los Angeles ƙarƙashin William Seymour, baƙar fata ɗan 'yantattun bayi mai ido ɗaya. Mutanen farko sun yi imani cewa ainihin yarukan duniya aka ba su domin su tafi wa'azi ba tare da koyo ba. Wani daga cikinsu, Alfred Garr, ya tafi Indiya yana da yaƙinin cewa ya sami yaren Bengali. Da ya isa Kalkata ya buɗe baki, ba wanda ya gane shi. Irin wannan ne ya sa akasarin 'yan Fentikos suka koma fahimtar abin a matsayin harshen addu'a tsakanin bawa da Ubangiji, wato irin na Korinti.

A Najeriya ƙasar ta riga ta jiƙe kafin irin ya iso. Annobar mura ta 1918 ta haifar da ƙungiyoyin addu'a a ƙasar Yarabawa waɗanda aka sani da Aladura. A 1930 Joseph Ayo Babalola, wanda da can direban injin danne titi ne, ya jagoranci gagarumin taron farkawa a Ilesha, daga nan majami'ar Christ Apostolic ta samo tushe. Assemblies of God ta kafu a 1939 a yankin Umuahia, Redeemed kuma a 1952 a Legas. Amma guguwar da ta taɓa Arewa sosai ta taso ne daga jami'o'i bayan yaƙin basasa, kuma shirin bautar ƙasa da gwamnatin Gowon ta kafa a 1973 ya zame mata abin hawa. Matashin da ya koyi wannan salo a Ibadan ko Ife sai a turo shi koyarwa wani ƙauye a tsohuwar Jihar Sakkwato, ya zo da jakarsa da addu'arsa. A 1973 ɗin ne W. F. Kumuyi ya fara ajin nazarin da ya zama Deeper Life, David Oyedepo kuma a Kaduna ya raini Living Faith cikin shekarun 1980 kafin ya koma kudu. A 1985 aka kafa ƙungiyar PFN ta haɗa kan majami'un Fentikos. Su ma Katolika tun 1967 suke da reshensu na masu wannan salo. Wani bincike da cibiyar Pew ta Amurka ta gudanar a 2006 ya nuna kusan kashi 26 cikin ɗari na 'yan Najeriyar da aka tambaya suna cikin wannan tafiya, ko dai a majami'un Fentikos ko a cikin tsofaffin ɗariku.

To amma kafin wannan guguwa, Kiristancin da Arewa ta sani na wani salo ne daban. Mishan ɗin SIM da ya iso a 1893 shi ya haifi ECWA a 1954. A ƙasar Zuru, wadda ke iyaka da Gummi da Bukkuyum, mishan ɗin da ya haifi UMCA ya daɗe yana aiki a tsakanin Dakarkari da maƙwabtansu. Waɗannan majami'u da Hausa suka ginu: karatu da Hausa, wa'azi da Hausa, littafin waƙoƙi da Hausa, zumuntar mata da tulunsu da anko ɗinsu. Dattijon da ya tashi a cikinsu yana son sujada mai tsari, a tashi tare, a zauna tare. Saboda haka wanda ya bi hanyar Anka zuwa Ɗaki Takwas ya ga majami'u biyu kusa da juna, kada ya ɗauka abu ɗaya suke yi a ciki. Kiristocin wannan yanki 'yan kaɗan ne, kuma ba jinsi ɗaya ba ne: akwai ɗan kasuwa Ibo mai shagon magani ko kayan gyaran babur, akwai Bayarabe makanike, akwai ɗan sanda da soja da malamin asibiti da aiki ya kawo, akwai mutanen ƙasar Zuru da suka daɗe a nan, akwai kuma Hausawa Kiristoci. Muhawarar harsuna tana tsakaninsu tun kafin ta iso kunnen Musulmi.

Me ya sa tsoho ya ce bori

Ba rashin kunya ya sa Baba ya ambaci bori ba. Bahaushe yana da tsohuwar masaniya a kan mutumin da muryarsa ta sauya, jikinsa ya ɗauki rawa, ya faɗi ƙasa. A bori ana cewa iska ta hau dokinta ko goɗiyarta, ana yi wa sabon shiga girka, ana kiran kowane iska da takensa a garaya ko goge. A wajen ruƙiyya ma mun saba jin an ce aljani ya yi magana ta bakin mara lafiya. Duk wanda ya girma da waɗannan, in ya ji kururuwa cikin dare da kalmomin da ba su da kai, can hankalinsa zai fara zuwa. Abin lura shi ne dattawan tsofaffin majami'u da yawa, waɗanda iyayensu suka bar tsafin gargajiya suka karɓi Kiristanci, su ma irin wannan tsoro suke ji. A ganinsu abin ya yi kama da gidan da suka baro.

Sai dai adalci ya wajaba. Masu magana da harsuna su ne kan gaba wajen ƙyamar bori, suna ganinsa aikin Shaiɗan ne da ake yaƙa da addu'a. A bori ana cewa mai hawa ya gushe, wani ne ke zaune a jikinsa, in ya sauka ba ya tuna abin da ya yi. Mai harsuna kuwa yawanci yana sane da inda yake, yana iya farawa yana iya tsayawa idan fasto ya ɗaga hannu. Kamannin sauti ba ya mayar da abu biyu ɗaya. Mu kanmu ba za mu so baƙo ya hango masu zikiri sun yi nisa cikin shauƙi ya kira su da sunan da ba nasu ba.

Masana sun leƙa ta nasu tagar. William Samarin, masanin harshe a Jami'ar Toronto ta Kanada, ya shafe shekaru yana naɗar irin wannan magana a ƙasashe daban-daban, ya fitar da sakamakonsa a 1972. Abin da ya gano shi ne mai maganar yana harhaɗa gaɓoɓi ne daga sautukan yarukan da ya riga ya sani, da tashi da faɗuwar murya irin na zance, amma babu nahawu, babu kalmomi masu tsayayyar ma'ana. Bai kira masu yi maƙaryata ko marasa lafiya ba, ya ɗauke shi a matsayin wata hanyar ibada. A 2006 kuma Andrew Newberg na Jami'ar Pennsylvania ya ɗauki hoton ƙwaƙwalwar mata biyar suna cikin yi, ya ga aikin sashen goshi, wanda ke kula da tsara abin da mutum zai faɗa, ya ragu. Mutum biyar ba su isa a kafa hujja ba, kuma na'ura ba ta iya cewa daga Allah ne ko ba daga Allah ba. Abin da ta nuna kawai ya yi daidai da abin da masu yi ke faɗa, cewa suna sakin linzamin harshe.

In ka san halin da yankin nan yake ciki, ba za ka yi mamakin mai son sakin linzami ba. A 2010 gubar dalma daga haƙar zinariya ta kashe yara sama da 400 a ƙauyuka irin su Bagega da Dareta da Abare da 'Yargalma. A watan Janairun 2022 'yan bindiga suka afka wa ƙauyukan Anka da Bukkuyum, aka yi ta binne gawarwaki kwana da kwanaki. Mai tafiya Gusau yana sallama da iyalinsa kamar mai tafiya yaƙi. Akwai baƙin cikin da ya fi ƙarfin kalma, kuma kowane addini yana da ƙofar da irin wannan ke fita. Musulmi yana da tsayuwar dare da kuka a sujada. Matar da aka sace mijinta a hanya, ta tsaya a majami'a ta ɗaga hannu hawaye na zuba, bakinta na furta abin da ita ma ba ta iya fassarawa, ba abin dariya ba ce.

Ƙasar tafinta

Inda nake da magana shi ne inda addu'ar ɗaki ta hau lasifika. Ƙasar Zamfara tana da tsohuwar al'ada ta girmama fahimta a harkar addini. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi kusan shekara biyar yana wa'azi a Zamfara, kuma da yaren mutane ya yi musu magana. 'Yarsa Nana Asma'u ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa domin matan karkara su gane. Har yau a tafsirin azumi, alaramma yana jan baƙi, malam yana fassarawa, domin an san Larabcin da bai sauka cikin Hausa ba iyakarsa kunne. Su ma Kiristocin Arewa babban abin alfaharinsu aikin fassara ne. Dakta Walter Miller na Zariya da abokan aikinsa sun ɗauki shekaru suna fama kafin cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa a 1932, kuma wannan fassara ce ta sa Badakkare da Bagwari da mutumin Filato suke iya zama benci ɗaya su yi sujada. In aka bi labarin Fentikos kamar yadda yake a rubuce, cewa kowa ya ji da yarensa, to masu fassarar nan sun fi kowa kusa da shi.

Saboda haka abin da nake roƙon fastocin da ke wannan salo bai wuce abin da Bulus ya riga ya shimfiɗa musu ba. Sashe na 38 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin yin addininsa, kuma shari'ar Musulunci da Zamfara ta ƙaddamar a 1999 an ce ba ta hau kan wanda ba Musulmi ba. Ba wanda ke da ikon hana mutum addu'a yadda ya yi imani. Amma idan lokacin harsuna ya zo, a kashe lasifikar waje. Wanda ake magana da shi ba kurma ba ne, wanda ke bayan katanga kuma ba abin da zai ƙaru da shi sai zato. A kuma daina matsa wa yara da sababbin shiga cewa wanda bai yi harsuna ba bai cika Kirista ba, domin matsi ba ya haifar da komai sai kwaikwayo, kuma littafin da kansa ya nuna ba kowa aka ba baiwa iri ɗaya ba. Fassarar ma a yi hattara da ita. Idan mutum ɗaya ne ke yin harsunan, shi ne mai fassarawa, kuma kullum fassarar tana ƙarewa a kan baiko ko a kan nuna wata tsohuwa a ce ita ce mayya, to wannan ba ya buƙatar masanin harshe kafin a gane shi.

Mu Musulmi kuma namu nauyin ya fi girma, domin mu ne masu yawa. Kafin mu yi ƙorafin lasifikar wani, mu tuna tamu tana tashi tun kafin asuba, kuma maƙwabcinmu Kirista yana haƙuri da ita shekara da shekaru. Mu kuma kiyayi fassara abin da ba mu ji ba. Magana zarar bunu ce. A watan Agustan 2016, a Talatar Mafara, zargin ɓatanci da ya taso daga cikin ɗalibai ya ƙare da ƙona mutum takwas a cikin gida. A yankin da kalma ke iya jawo irin wannan, sautin da ba shi da fassara fili ne da kowane ɗan tsurku zai iya shuka abin da ya ga dama. Yau an ce bori suke yi, gobe wani zai ce ya ji suna zaginmu, alhali ba wanda ya ji komai. Sarakunan Anka da Gummi da Bukkuyum da limamai da shugabannin ƙungiyar Kiristoci ta CAN na ƙananan hukumomin nan ba sa buƙatar wani babban taro a otal kafin su toshe wannan kafa. Zama ɗaya a zaure ya isa a yi yarjejeniya a kan lokaci da ƙarfin sauti, ga kowane ɓangare.

Kafin in bar Gummi na koma wa Baba da abin da na samo. Na ce masa ba bori ba ne, wata irin addu'a ce da waɗansu Kiristoci ke yi, waɗansunsu ma ba sa yi, kuma littafinsu ya ce in za a yi a bainar jama'a sai da mai fassara. Ya jinjina kai ya ce, "To ai da sun faɗi. Shekara nawa muna gaisawa da mai gidan nan." Tambayar da ya yi mini cikin dare ita ce dai wadda baƙin Urushalima suka yi, kuma a can ba a bar su da zato ba, wani ya miƙe ya yi musu bayani da harshen da suke ji. A Gummi wannan harshen Hausa ne, kuma faston da ke bayan katangar ya iya ta sarai, na ji shi yana ciniki da mai nama.